Sunan Yaya Bai Yi Ritaya Ba

Yayana mutum ne da in ka gan shi a hanya ba za ka waiwaya ba. Gajere ne, mai sanƙo, kullum da wata baƙar jaka a kafaɗa wadda zif ɗinta ya mutu tun ina sakandare, yana ɗaure bakinta da guntun wayar kwamfuta. Kamfani ɗaya muke aiki, na rarraba kaya, ni a teburin karɓar baƙi, shi a ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da sauran suka dogara da ita. Ba mai kiransa da sunan yanka a wurin. Kashe-Kunna ake ce masa, domin duk matsalar da ka kai masa, ko allon kwamfutarka ne ya yi duhu ko firinta ce ta cinye takarda, tambayarsa ta farko ita ce, "Ka kashe ka kunna?" Abin haushin kuma, sau da yawa hakan ne ke gyara ta.

Tun yana yaro hannunsa ba ya zama. Rediyon Baba ya sha buɗewa a hannunsa, shi kuma ya sha bulala a kansa. Da gyaran tafireta ya shiga kamfanin. Da kwamfutoci suka zo, manya suka duba hagu suka duba dama, suka ga shi kaɗai ne ke yawo da sukudireba a aljihu, sai aka damƙa masa su. Ba wanda ya tura shi kwas. Shi ya koya wa kansa, da littattafan gwanjo da tambayar waɗanda suka fi shi, har ya zama in ya yi mura kamfanin ma sai ya yi atishawa.

Ɗakinsa yana ƙarƙashin matakala, ba taga. Shi ne ɗaki ɗaya tilo da ba a kashe masa na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba don Yaya ba, don sabar. Saboda haka da rana ta take sai ka ga mutane suna ta tuno matsaloli. Wannan ya manta kalmar sirrinsa, wancan linzamin kwamfutarsa na maƙalewa, duk don su tsaya a sanyi su sha iska. Yaya ya sani sarai, amma yana jin daɗi. Ƙarin girma kuwa bai taɓa gani ba, domin sashen mulki na cewa shi ɗan sashen gyara ne, sashen gyara na cewa su fanfo da wutar lantarki suka sani. Haka ya yi ta rayuwa a tsakani, kowa na buƙatarsa, ba mai ɗaukar nauyinsa.

Abu ɗaya Yaya yake tsoro a duniya, zaman gida. Ba macizai ba, ba asibiti ba. Ranar da ba aiki, tun safe zai fara zagaye gida yana neman abin da ya lalace, in bai samu ba ya kwance wanda ke da lafiya. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta taɓa ce mini, "Wallahi ranar da yayanki ya yi ritaya, ko dai a ɗaure masa hannu ko ni in yi yaji." Da wasa ta faɗa, amma ni na san abin ba wasa ba ne a wurinsa. A wajen ɗakin nan mai sanyi Yaya bai san yadda ake zama mutum ba. Shi ya sa tun ritayar na hango shi daga nesa ya fara neman a bar shi ya ci gaba a kwantiragi, ko da rabin albashi ne. Amsar da ake ba shi kullum ita ce za a duba.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon Manaja, dogo mai ƙamshin turare, wanda ya dawo daga wani taro da magana ɗaya a baki: kalma ɗaya, ƙofa ɗaya. A lokacin kowace manhaja tana da nata sunaye da nata kalmomin sirri. Ta sito daban, ta fitar da motoci daban, ta hutu daban. Mutane sun gaji da haddacewa, kowa ya rubuta nasa a 'yar takarda ya manna a ƙasan madannai, har mai shara ta fi kowa sanin sirrin kamfani. Manaja ya ce a tara sunan kowa a kundi ɗaya cikin saba, duk manhajar da mutum zai shiga ta je can ta tambaya ko an san shi. Yaya ya dawo daga ofishinsa fuska cike da fara'a. Ya ce mini, "Ƙanwata, wannan aikin in na yi shi, ba mai bakin cewa in tafi."

Ya zuba ƙarfinsa kuwa. Kundin yana son a tsara mutane kamar rassan bishiya, kowa a ƙarƙashin sashensa, kowane sashe a ƙarƙashin shugabansa. Nan aka fara rigima, domin muna da mataimakan manaja biyu da kowannensu ya yi shekaru yana ɗaukar kansa babba, kuma ba wanda ya taɓa yin ƙarfin halin faɗa musu gaskiya. Kowanne ya sauko ɗakin sanyi a ɓoye yana leƙa allo ya ga wa ke sama. Yaya ya yi musu rassa biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya ce me ya sa nasa ke hagu.

Da ya gama da wannan, sai ya koma kan manhajar fitar da motoci, wadda ita ce ran kamfanin, don ba motar da ke fita get sai ta ba da izini. Na zauna kusa da shi ranar, ina shan sanyi kamar kowa. Gurabe ne ake cikewa a allo. Ya sa adireshin sabar, ya sa reshen da za a fara neman mutane daga cikinsa, ya sa rukunin da ke da ikon sakin mota. Sai ya zo kan wasu gurabe biyu ya tsaya. Ya yi mini bayani cewa kundin ba ya amsa wa baƙo. Manhajar kamar ɗan aike ce, kafin a saurare ta sai ta faɗi sunanta da kalmar sirrinta. Don haka dole a buɗe mata suna nata na kanta a kundin, wanda ba na kowa ba.

Yaya yana iya buɗe sunan nan kafin ka ƙifta ido. Amma Manaja ya kafa doka cewa ba a buɗe suna sai da sa hannun shugabar sashen ma'aikata, kuma Yaya mutum ne da in ka ce masa kar ya taka layi zai kwana a tsaye. Ita shugabar, Madam Fayil muke ce mata. Ta gaji kujerar ne daga wani da aka kora saboda an sami sunaye suna karɓar albashi ba gangar jiki, kuma tun ranar ta rantse ba za a maimaita a hannunta ba. Na raka shi ofishinta don in ga yadda za a ƙare.

"Ranki ya daɗe, suna nake so a buɗe a kundi."

"An ɗauki sabon ma'aikaci ban sani ba?"

"A'a, ba mutum ba ne. Na manhaja ne."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Ba mutum ba ne. To aljani ne?"

"Suna ne kawai, ranki ya daɗe, da za ta riƙa tambaya da shi. Ba albashi, ba hutu, ba komai."

"Ina hotonsa? Yaushe aka haife shi? In ya faɗi a bakin aiki wa za mu kira?" Ta nuna kabad ɗin bayanta. "Kowane suna a kundin nan yana da fayil, kowane fayil yana da fuska. Haba Kashe-Kunna, da girmanka? Ma'aikacin bogi kake so in sa da hannuna?"

Ya yi bayani, ya zana mata a takarda, ta mayar da tabarau ta ci gaba da aikinta. Ya hau wurin Manaja. Manaja ya ce su sasanta a tsakaninsu, shi dai ranar Litinin yana so ya shiga da kalma ɗaya, don ya riga ya faɗa wa masu kamfani an gama.

Yaya ya sauko ya zauna gaban guraben nan biyu, ya daɗe yana shafa sanƙonsa. Daga ƙarshe ya rubuta sunansa a na farko, kalmar sirrinsa a na biyu, ya danna gwaji. Allo ya nuna kore. Ya ce, "Na wucin gadi ne, kafin Madam ta huce." Na yi dariya, domin a kamfaninmu bokitin da ke tare yoyon rufin sito ma na wucin gadi ne, kuma ya girme ni a aiki.

Abu ya yi kyau fiye da zato. Kowa ya cire 'yar takardarsa, Manaja ya sami yabo, aka ɗauke shi hoto yana nuna allo da yatsa. Sauran manhajojin ma aka jona su ɗaya bayan ɗaya, duk da sunan Yaya, tunda Madam ba ta huce ba. Har wani ɗan shafi Yaya ya yi mata inda za ta rufe sunan duk wanda ya bar aiki da dannawa ɗaya, ta ji daɗinsa ƙwarai. Daga ranar, duk wanda ya shiga kwamfuta da safe, daga Manaja har mai sito, da sunan yayana manhaja ke zuwa ta tambayo masa izini. Ba wanda ya sani, ba wanda ya damu. Illa dai masu zuwa shan sanyi sun ragu, don yanzu ba uzuri.

Kada a ce bai faɗa ba. Ya faɗa, ya sake faɗa, har ya zama abin tsokana. Da ritayar ta matso ya hau bene ya ce, "Yallaɓai, in aka rufe sunana ba a buɗe na manhaja ba, komai zai tsaya." Manaja ya yi murmushi irin na wanda ya gano dabara. Ya ce, "Malam Kashe-Kunna, kowa in zai tafi haka yake gani. Wanda na gada ma ya ɗauka rufin zai faɗo." Yaya ya sauko ransa a ɓace, ba don an ƙi jinsa ba, don an zaci wayo yake yi. Ni kuwa a raina na ce ina ma wayon ne. Da yana da rabin wayon da suke zarginsa da shi, da tuni yana da ofis mai taga.

Aka yi masa walimar bankwana a ɗakin taro ranar Juma'a. Lemon kwalba, biskit, da agogon bango a kwali, kyautar da ake ba duk wanda ba a son ya ƙara kula da lokaci. Manaja ya tashi jawabi, ya kai wurin faɗin suna ya tsaya cak, ya leƙa takarda, bai gani ba, sai ya ce, "Ɗan'uwanmu Kashe-Kunna," aka yi tafi. Batun kwantiragi ya ce ana nan ana dubawa. Wani kamfanin waje ne wai zai karɓi aikin, sai dai ba a gama sa hannu ba. Yaya ya miƙa makullin ɗakin saba, ya rataya jakarsa. Kafin a tashi aiki Madam Fayil ta buɗe ɗan shafinta ta danna, ta ɗaure fayil ɗinsa da zare, ta tafi gida da kwanciyar hankali.

Ranar Litinin na zo na tarar da motoci jere tun daga get har bakin titi, direbobi sun fito sun yi cirko-cirko. Duk wanda ya sa sunansa sai allo ya ce ba a san shi ba. Mai sito ya gwada, mataimakan nan biyu suka gwada, kuma karon farko a tarihi aka yi musu adalci iri ɗaya. Sai ginin gaba ɗaya ya shiga kashewa da kunnawa. Wani har babban layin wuta ya je ya kashe ya kunna. Madam ta ce bari ta duba ko wani abu ta taɓa, shafin nata ya ce ita ma bai san ta ba. Aka buɗe ɗakin saba, manya suka shiga suka tsaya suna kallon fitilu na ƙyaftawa, suka sha sanyi suka fito. Ba zan ɓoye ba, tunda nake aiki ban taɓa jin daɗin safiya kamar wannan ba.

Can sai ga Manaja a gaban teburina, gumi ya cinye turaren. "Ke ba ƙanwarsa ba ce?"

"Ƙanwar wa, Yallaɓai?"

Ya laluɓi sunan bai samu ba. "Kira mana shi, don Allah."

Na kira. Anti ce ta ɗauka, ta ce gara da na kira, ga shi can ya kwance mata keken ɗinki tun da sassafe. Da ya karɓa na faɗa masa, na rage murya na ce, "Yaya, ka ja musu rai. Ka ce sai an sa hannu a kwantiragi tukuna." Ya ce, "Ke, motoci na jira, akwai kayan mutane a ciki." Ina jin shi cikin murna yana ce wa Anti ta goge masa farar rigar nan.

Ya iso a fara tas, da jaka a kafaɗa, yana tafiya kamar ango. Mai gadi, wanda Yaya ya sha gyara wa waya kyauta, ya tare shi ya ce doka ce, wanda ba ma'aikaci ba sai ya bi ta teburin baƙi. Haka yayana ya tsaya a gabana, ni da hannuna na miƙa masa katin baƙo. Ya maƙala a aljihu yana dariya, ya ce na yau ne kawai. Ni ban yi dariya ba, kunya da takaici suka hana ni kallonsa.

Ya shiga ɗakinsa, ya zauna gaban sabar kanta, ya buɗe sunan da aka rufe. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce, motar farko ta fita get. Aka yi ta tafi a matakala, direbobi na danna ham. Manaja ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce ya ɗan jira, yanzu za a yi zama na musamman a kansa. Yaya ya zauna a bencin baranda, ya kira Anti ya ce kar ta jira shi da abincin rana, da alama ya koma. Na bar teburina ba kowa na zo na zauna kusa da shi. Yana ta lissafa mini abubuwan da zai gyara, batirin sabar da ya tsufa, da firintar bene da ba a taɓa yi mata adalci ba.

Da aka kira shi na bi bayansa, ba wanda ya hana ni. Manaja ya ce, "Albishirinka. Mun zauna, mun ga muhimmancinka. Sunanka zai ci gaba da aiki."

Yaya ya miƙe tsaye. "Na gode, Yallaɓai. Allah ya saka da alheri. Yaushe zan fara?"

Manaja ya kalli Madam. Madam ta gyara tabarau, ta ɗora hannu a kan fayil ɗin da ta kwance wa zare. "Sunan muke nufi. Ka ga yana da fayil, yana da hoto, yana da ranar haihuwa, ya cika duk ƙa'ida. Za a bar shi a buɗe. Kai kuma ai ka yi ritaya, ka je ka huta, ka yi wa kamfani ƙoƙari."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ranki ya daɗe, suna yana aiki mai shi yana gida, wannan ba shi ne bogin ba?"

"Bogi shi ne wanda ba shi da fayil," in ji ta, ko a jikinta.

Yaya ya ce, "Ke, yi shiru," ba tare da ya dube ni ba. Sai ya ce a hankali, daidai dai shi ne a buɗe wa manhaja nata sunan, aikin ɗan lokaci ne, zai yi musu yanzu kyauta. Manaja ya ce wannan shawara ce mai kyau, za a duba. Abin da ya rage kawai, tunda yanzu sunan ya zama na kamfani, bai dace wanda ba ma'aikaci ba ya san kalmar sirrinsa. Sai a canja.

Muka sauka ɗakin sanyi mu huɗu, da ƙyar ya ɗauke mu. Na so Yaya ya yi fushi. Na so ya jefar da katin baƙon ya ce su nemi mai yi musu. Bai yi ba. Ya zauna ya buɗe kundin, ya buɗe saitin kowace manhaja, ya nuna wa Manaja gurbin da za a sa sabuwar kalmar a kowacce, ya ja kunnensa cewa in aka manta ɗaya za a koma gidan jiya. Ya sa tsohuwar kalmarsa, ya tashi, ya ja wa Manaja kujera.

Manaja ya zauna, ya ɗaga yatsa ɗaya sama da madannai, sai ya waiwayo.

"Malam, ɗan juya mana baya."

Yaya ya juya. Ɗakin ba taga, ba abin kallo, sai bango a gaban hancinsa, jaka a kafaɗa, farar rigar da Anti ta goge ta jiƙe a baya duk da sanyin. Muka ji yatsan Manaja yana sauka ɗaya bayan ɗaya, sai na'ura ta yi ƙara ta ƙi karɓa. Ya sake, ta sake ƙi. Ya ja tsaki.

Yaya bai waiwayo ba. Bango ya yi wa magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, ka haɗa da lamba ko ɗaya ce. In ba haka ba, ba za ta karɓa ba."